BABI NA UKU: TSARA HANYOYI MASU INUWA DOMIN MASU TAFIYA A ƘASA A GARIN ƊANJA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen tarihin garin Ɗanja da sana'o'in mutanensa. A wannan babi kuwa za a dubi wani al'amari wanda kowa ke fama da shi kullum, amma ba kasafai ake ɗaukarsa a matsayin abin da ake zama a tsara ba, wato inuwar da mai tafiya a ƙasa yake samu, ko yake rasawa, tsakanin gidansa da inda za shi. Abin da ake nufi da mai tafiya a ƙasa a nan shi ne duk wanda ba ya bisa mota ko babur ko keke. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa yawan itatuwa a gari daban, samun hanya mai inuwa kuma daban, domin gari yana iya cika da itatuwa alhali mutanensa na tafiya cikin rana.

3.1 Zafin Bazara a Ɗanja

Ƙaramar Hukumar Ɗanja, wadda aka cire daga ta Bakori a shekarar 1991, tana a ƙarshen kudancin Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Bakori da Ƙafur, ta kudu kuma ta yi iyaka da Jihar Kaduna. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 125,703. Yanki ne na noma, kamar sauran ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda ake samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, ana noma masara da dawa da auduga, a fadamu kuma rake da tumatir. Saboda wannan ni'ima, sau da yawa akan ɗauka cewa matsalar zafi ta mutanen arewacin jihar ce, irin su Jibiya da Daura da Mai'aduwa. Wannan ɗauka ba daidai ba ce. Daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa a watan Mayu, zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 37, wasu ranakun ma ya doshi 40.

Ya kamata a lura da wani abu game da waɗannan alƙaluma. Masu auna yanayi ba sa ajiye ma'auninsu a rana. A cikin wani farin akwati mai ƙofofin iska suke sa shi, ɗage daga ƙasa. Ke nan duk lokacin da aka ji a rediyo cewa zafi ya kai digiri 40, to zafin inuwa ake faɗa. Wanda ke tafiya a fili yana ɗauke da wannan zafi, ga hasken rana da ke dukansa daga sama, ga kuma turirin da kwalta da bangon siminti ke maido masa daga ƙasa da gefe. Kwalta a irin wannan lokaci tana iya haura digiri 60. Jikin ɗan'adam kuwa a kan digiri 37 yake aiki, kuma da gumi yake kare kansa. Idan ruwan jiki ya yi ƙasa gumi ya gaza, zafin cikin jiki ya kai wajen digiri 40, sai jiri da ruɗewa da suma su biyo baya, wani lokaci har da rasa rai. Tsofaffi da ƙananan yara da masu juna biyu da masu azumi su suka fi saurin faɗawa cikin wannan hali. A farkon watan Afrilu na shekarar 2024, ana cikin azumin Ramadan, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma babban asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Mali ba wata duniya ba ce, bazararsu ita ce bazarar ƙasar Hausa.

3.2 Tafiyar Rana da Tsawon Inuwa

Kafin a yi maganar inda za a dasa itace, wajibi ne a fahimci yadda inuwa ke tafiya, domin a nan ne asalin matsalar take.

Ɗanja tana kimanin digiri 11 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu. A irin wannan wuri rana takan bi ta tsakiyar ka sosai sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da kuma wajen 23 ga Agusta. A cikin watan Agusta ba a damu ba, domin akwai hadari da ruwa. Amma na Afrilu ya faɗo daidai tsakiyar bazara. A waɗannan kwanaki, idan rana ta take, wato wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, mutum yakan taka inuwarsa, katanga kuma komai tsayinta ba ta ba da inuwar da akuya za ta kwanta. Da hunturu abin ba haka yake ba, domin rana tana karkata kudu, sai a sami inuwa a arewacin kowane gini ko da tsakar rana. Wato dai lokacin da aka fi buƙatar inuwar gini shi ne lokacin da take guduwa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan lissafi, domin da shi ake gane lokutan salla. Azahar tana shiga bayan zawali, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. A Ɗanja cikin watan Afrilu wannan yakan kasance wajen ƙarfe uku da rabi na yamma. Haka nan da safe, inuwar abu tana daidai da tsawonsa wajen ƙarfe tara da rabi. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, wato awa shida cur, inuwar kowace katanga ta gaza tsayinta. Alal misali, katanga mai tsayin mita uku, da ƙarfe biyu na rana inuwarta ba ta wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma mafi yawa wannan ɗan wuri magudanar ruwa ce ta cinye shi.

Daga wannan ana iya fitar da abubuwa guda biyu. Na farko, layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa yana samun inuwar katangun gabas da hantsi, da ta katangun yamma da la'asar, amma layin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma rana tana bin tsawonsa ne tun fitowarta har faɗuwarta. Saboda haka idan dashen bai isa ko'ina ba, layukan gabas da yamma ya kamata a fara da su. Na biyu, daga walaha zuwa bayan azahar babu abin da ke fitar da mai tafiya sai abin da ke bisa kansa, itace ko rumfa.

3.3 Inuwa a Tsarin Garin Bahaushe na Dauri

Bahaushe ya san darajar inuwa, harshensa ma ya shaida haka. Idan mutum biyu ba sa shiri akan ce ba sa shan inuwa ɗaya. Wanda ke kyautata wa bare ya bar na gida, an kira shi inuwar giginya, na nesa ka sha. Wanda alherinsa ke tafe da cutarwa kuwa inuwar bagaruwa ne, ga sanyi ga ƙaya. Waɗannan karin magana biyu, in an lura, bayanin itatuwan ne na zahiri kafin su zama bayanin halin mutane: giginya doguwa ce, inuwarta can nesa da gindinta take faɗawa. Haka kuma unguwanni da yawa da sunan itace aka san su, kamar Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa a Kano, da Rimin Tsiwa a Zariya, da Gawon Nama a Sakkwato. A Jihar Katsina ma akwai ƙaramar hukuma sukutum mai suna Rimi.

A tsohon tsarin gari, inuwa tana zuwa ne ta hanya uku. Akwai lungu, wanda ƙuncinsa da lanƙwashe-lanƙwashensa suke sa a kowane lokaci a sami wani sashe nasa cikin inuwa, ga shi kuma katangar ƙasa ba ta maido zafi kamar ta siminti. Akwai zaure, inda baƙo ko mai wucewa yake iya fakewa ya nemi ruwa. Akwai kuma babban itace, durumi ko ceɗiya ko gamji, a ƙofar fada da ƙofar masallaci da bakin kasuwa da dandali. To amma wannan itace na zama ne. A ƙarƙashinsa ake shari'a da karatu da saƙa da ɗinki da hira. Bahaushen dauri bai jera itatuwa a kan hanya ba, kuma bai buƙaci haka ba, domin garinsa ƙarami ne, lungunansa sun ishe shi, da rana tsaka kuma ba ya fita sai da lalura.

Jera itatuwa a gefen hanya ya yaɗu ne a zamanin Turawa, lokacin da En'e ta sa malaman daji da masu unguwanni suka dasa maɗaci da mangwaro da dogonyaro a bakin manyan hanyoyi da unguwannin ma'aikata. Shi dogonyaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, kuma an shigo da shi Nijeriya ta Lardin Barno a shekarar 1928. Yau an saba da shi har yara na zaton tun fil azal yana nan.

Abin da ya faru daga baya sananne ne ga duk wanda ya san garuruwan wannan yanki. Zaman Ɗanja hedikwatar ƙaramar hukuma ya kawo sakatariya da ƙarin makarantu da ma'aikata, kuma irin waɗannan gine-gine a bayan gari ake samun filin yin su. Sababbin unguwanni, ko na fuloti ko na awon igiya, a kan gonaki ake yanka su, kuma abu na farko da mai fili yake yi shi ne sare ɗorawa ko kaɗanyar da ya tarar, domin ta tsaya masa a inda zai sa ɗaki. Aka sami layuka masu faɗi, miƙaƙƙu, gidajen bulo da rufin kwano, babu zaure sai ƙofar ƙarfe. Tafiya ta ƙaru, inuwa ta ragu. Agogon boko kuma bai san bazara ba, domin shi ya sa ake tashi daga makaranta da ofis a daidai lokacin da kakanni suke kwance a gindin itace.

3.4 Su Wa ke Tafiya, Yaushe, Kuma Zuwa Ina?

Tsara hanya mai inuwa ba daga itace yake farawa ba, daga sawun mutane yake farawa. Mai mota da mai babur suna ratsa kilomita ɗaya cikin minti biyu ko uku. Mai tafiya a ƙasa yana buƙatar kimanin rubu'in awa, in kuwa yaro ne ko tsoho ko mai kaya a ka, fiye da haka. Waɗanda suke tafiyar kuma su ne waɗanda ba a tambayar ra'ayinsu idan za a yi hanya: 'yan makaranta da ake tasa wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, su sake fita Islamiyya kafin la'asar, 'yan talla, almajirai masu neman abincin rana, da yawansu ba takalmi, 'yan garuwa da masu tura baro, mata masu goyo da ke dawowa daga awo ko rigakafi, waɗanda suka fita da sanyin safiya amma layi ya riƙe su har rana ta take, da masu dawowa daga fadama, domin bazara lokacin aikin lambu ne. Ranar Juma'a kuwa kusan duk mazan gari ne ke fita a mafi zafin lokaci. Ga kuma rakiyar gawa, wadda ba ta jiran rana ta yi sanyi.

Idan aka ɗauki taswirar gari aka sa alama a kan kasuwa da tasha da masallacin Juma'a da asibiti da makarantu da maƙabarta da wuraren ɗiban ruwa, sa'an nan aka ja layi a kan hanyoyin da mutane suke bi a zahiri, za a ga cewa ba su da yawa. Hanyoyi huɗu ko biyar ne suke ɗauke da mafi yawan sawu, kuma wasunsu ba titin mota ba ne, 'yar burtali ce ko ratse ta bayan makaranta. Waɗannan su ne abin aunawa. Awon kuma ba ya buƙatar na'ura. Mutum biyu da igiyar awo da littafi sun isa: a bi hanyar da ƙarfe biyu na rana a cikin watan Afrilu, a rubuta mita nawa ke cikin inuwa, mita nawa ke rana, kuma ina ne rana ta fi tsawo ba tare da yankewa ba. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci. Hanyar da rabinta na farko inuwa ne, rabinta na biyu kuma fili fetal, ta fi wahalar bi a kan wadda inuwarta ke zuwa jefi-jefi, ko da jimillar inuwarsu ɗaya ce.

A wasu ƙasashe an yi nisa a wannan fage. A shekarar 2021 an gwada wata manhaja mai suna Cool Walks a wani sashe na birnin Barsalona na ƙasar Sifaniya, wadda ke nuna wa mai tafiya hanyar da ta fi inuwa a sa'ar da zai fita, ko da ta fi tsawo. A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya kuwa, daga shekarar 2016 aka dasa itatuwa a kan hanyoyi da bakin rafuka guda 30 waɗanda aka haɗa da juna, kuma hukumomin birnin sun ba da rahoton saukar zafi da kimanin digiri biyu. Na biyun ya fi kusa da buƙatar Ɗanja. Mutumin Ɗanja ba ya neman wayar da za ta nuna masa inda inuwa take, ya riga ya san kowace bishiya a kan hanyarsa. Abin da ya rasa shi ne inuwar da ta haɗu da 'yar'uwarta. Alhazai ma sun ga misali da idonsu, domin dubban itatuwan dogonyaro da aka jera a filin Arfa saboda inuwa aka dasa su, haka ma manyan laimomi 250 da aka kammala kafawa a harabar Masallacin Madina a shekarar 2010.

3.5 Zaɓen Itace da Kula da Shi

Ba kowane itace ne ya dace da bakin hanya ba. Ma'aunin farko shi ne, yana da ganye a watan Maris da Afrilu? Kuka da rimi, duk da girmansu da kwarjininsu, suna kaɗe ganye da rani. Malaina ma haka. Turare dogo ne marar faɗi, inuwarsa 'yar'uwar ta giginya ce. Durumi da ceɗiya suna da inuwa mai duhu da sanyi, ga sauƙin dashe domin reshe ake kafawa ya kama, amma saiwarsu tana fasa katanga da magudanar ruwa, don haka wurinsu shi ne mararraba da dandali da ƙofar masallaci, inda akwai fili. Tsamiya ba ta rabuwa da ganye, sai dai tana da jinkirin girma, ga kuma camfin da ake yi cewa matattarar iskoki ce, wanda ke sa wasu ƙin yarda a dasa ta a ƙofar gidansu. Ko an yarda da camfin ko ba a yarda ba, mai tsara hanya dole ya yi lissafi da shi. Maɗaci yana yin rumfa mai kyau, amma masu magani suna sassaƙe ɓawonsa, makiyaya kuma suna sare rassansa da rani. Mangwaro ya dace da ruwan saman wannan yanki ƙwarai, aibinsa kawai jifan yara idan ya yi 'ya'ya, don haka ya fi kyau a harabar makaranta da asibiti a kan bakin titin mota. Gawo kuwa, wanda ke fitar da ganye da rani ya kaɗe da damina, shi ya dace da hanyoyin gona, domin manomi ba zai ƙi shi ba.

Idan aka auna duka, dogonyaro ne ya fi cika sharuɗɗan cikin gari: yana da saurin girma, yana jure fari, kuma cikin shekara huɗu zuwa biyar mutum yana iya tsayawa a inuwarsa. Amma kada a dasa shi shi kaɗai, domin cuta ɗaya tana iya kwashe layi guda. Idan aka ba da tazarar mita takwas tsakanin itace da itace, rassansu za su haɗu idan sun girma, kuma kilomita ɗaya zai ci itace 125 a gefe guda. Hanyoyi biyar masu tsawon kilomita ɗai-ɗai ke nan ba su kai itace 700 ba. Wannan adadi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da dubban dashen da ake rabawa a bikin dashen itatuwa na shekara-shekara.

To me ya sa ba a ga inuwar ba? Manyan shirye-shiryen dashe da aka yi a jihar, kamar shirin da Tarayyar Turai ta tallafa wa wanda ya fara a shekarar 1987, da kuma aikin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a shekarar 2015, manufarsu tare hamada da kare gonaki ce, kuma arewacin jihar suka fi fuskanta. Ba a kafa su domin mai tafiya kasuwa ba. Bikin shekara-shekara kuma adadin abin da aka dasa yake ƙirgawa, ba ya komawa ya ƙirga abin da ya rayu. Dashen da aka sa a ƙasa a ƙarshen damina, ba keji, ba mai ban ruwa, abincin awaki ne kafin kaka ta wuce. Abin da ya kamata shi ne a dasa da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, a kewaye da ƙaya ko kara ko bulo, a kuma ɗauki nauyin ban ruwa na rani biyu na farko. Kowane itace ya zama yana da mai shi da aka sani da suna, ko mai gidan da ke kusa, ko mai shago, ko wani aji na makaranta. A ƙofar masallatai ruwan alwala da ke malala a banza sau biyar a yini ya isa ya rayar da itatuwa da dama in an gyara masa 'yar hanya. Malamai kuma suna da abin faɗa a nan, domin ya tabbata a hadisi cewa wanda ya dasa itace yana da ladan sadaka a kan duk abin da ya ci daga gare shi, kuma an yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke fakewa.

3.6 Inuwar ta Wane Ne?

Akwai wata matsala da ba a cika ambata ba, alhali tana iya rushe duk abin da aka tsara. A garin Hausa inuwa ba ta zama ba mai ita. Da zarar itacen bakin hanya ya yi rassa, mai faci zai kawo kayansa, mai rake ya jingina nasa, 'yan acaɓa su mai da wurin tasha, mai shayi ya kafa tebur. Ba a ce sun yi laifi ba, su ma rana ce ta koro su, kuma abincinsu suke nema. Amma sakamakon shi ne mai tafiya, wanda domin shi aka yi dashen, sai ya sauka kan kwalta ya bi rana, ga kuma haɗarin abin hawa.

Wannan ya fi shafar mata. Inda duk majalisar maza ta kafu a gindin itace, mace mai kunya ba za ta ratsa ta tsakiyarsu ba. Za ta tsallaka ɗaya gefen, ko ta sake lungu, ko da kuwa da goyo a bayanta. Wanda ya zo ƙirga itatuwa zai rubuta cewa wannan hanya tana da inuwa, alhali rabin masu binta ba su taɓa shan inuwar ba. Saboda haka a wajen awon da aka ambata a sama, inuwar da aka riga aka mamaye bai kamata a lissafa ta ba.

Korar masu sana'a ba za ta yi magani ba, domin za su dawo. Abin da ya fi shi ne a yi dashen da su a cikin lissafi. A inda hanya take da faɗi a dasa layi biyu a gefe ɗaya, na ciki domin zama da sana'a, na waje domin wucewa, a bar aƙalla mita biyu da ba a kasa kaya a kai. A inda ba ta da faɗi a dasa gefe biyu, a keɓe ɗaya. A cikin kasuwa da bakin tasha, inda ƙasa ta zama siminti ko wayoyin lantarki suka hana itace tashi, rumfa ce mafita. Masu shaguna sun riga sun saba fitar da rumfar kwano a gaban shagunansu, sai dai kowa da tsayin tasa, kuma kowa ya toshe ƙarƙashinta da kaya. A birnin Singafo tun shekarar 1822 aka shar'anta cewa kowane gini na bakin titi ya bar baranda mai rufi a buɗe domin masu wucewa, ta haɗu da ta maƙwabcinsa. Irin wannan sharaɗi ana iya sa shi a lokacin ba da izinin gina shago, ba tare da hukuma ta kashe ko kwabo ba.

Ta fuskar doka, nauyin ya fi karkata ga ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin shekarar 1999 ya ɗora mata gina da kula da titunan cikin gari da magudanun ruwa da wuraren shaƙatawa da kasuwanni da tashoshin mota, kuma tana da sashen gona wanda kula da gandun daji ke ƙarƙashinsa. Dokar tsara birane ta shekarar 1992 ita ma ta tanadi hukumar tsara gari a matakin ƙaramar hukuma. Amma takarda ba ta hana akuya cin dashe, ba ta kuma tayar da majalisa daga kan hanya. Wannan aikin masu unguwanni da dagatai ne, ƙarƙashin Hakimin Ɗanja, Sarkin Kudun Katsina, tare da limamai da Sarkin Kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa, domin su ne suka san wanda ya kafa tebur a wuri kaza da wanda zai iya ce masa ya matsa. Haka kuma duk lokacin da za a faɗaɗa titi ko a gina magudanar ruwa, ya kamata a ƙirga manyan itatuwan da ke kan layin tun kafin a ba da kwangila, a karkatar da magudanar inda zai yiwu, domin maɗacin da ya shekara sittin ana kayar da shi cikin awa guda, wanda aka dasa a madadinsa kuwa sai 'yan aji ɗaya na firamare sun gama sakandare kafin ya rufe faɗin titin.